Lambar Mita

An ɗauke wuta tun la'asar a Agege.
Na sayo ta dubu biyar, ga takarda a hannu,
ga mita a bango ta rufe ido
kamar akuyar da ta ƙoshi.
Ba inda zan zuba lambar.
Sai na gyara fitila na zauna da ita.

Su ashirin ne a jere,
kafaɗa na cin kafaɗa
kamar masu jiran danfo a Oshodi.
Ko sunanta ban iya kira ba.
Na wuce miliyan, na wuce biliyan,
harshena ya shiga cunkoso ya kashe mota.

Wutsiyarta takwas ce.
To, biyu na da gado a gidan nan.
Na raba. Na sake. Na sake.
A karo na huɗu ta noƙe kafaɗa,
cika ta koma mara.

Na dawo kan takarda na tara su,
tamanin da ɗaya.
Na tara waɗannan, tara.
Uku ta shiga sau biyu ba sallama.
Biyar ko leƙe ba ta yi ba,
ta san ba danginta a bakin ƙofa.
Bakwai ta ɗauki nata ta fice.

Daga nan fa sai tsiya.
Sha ɗaya, saura.
Sha uku, saura.
Sha bakwai, sha tara, ashirin da uku,
kowa ya zo sai ya bar mini ragowa,
kamar kwandasta da ba ya da canji.
Injin Iya Risika na tari a bayan taga,
sauro na karanta mini nasa lissafin a kunne.

Tasalla ta juyo a kan tabarma:
"Baba, waya za ta gama maka wannan
kafin ka ɗaga kofi."
Na ce wayar da ba caji?
Ta ja zane ta rufe dariyarta.

Shekara ashirin da biyu ina riƙe littafi
a kasuwar Mil Sha Biyu.
Kwandon tumatir ya sauka daga Kadawa,
kafin rana ta take an yanka shi:
na direba, na ɗan dako, na dillali,
na wancan mai sanda da ba ya sayar da komai.
Ni kaina haka garin nan ya yi da ni,
haya ta ɗiba, mota ta ɗiba,
gida su aiko a ɗiba.
Ban taɓa ganin abin da Ikko ta kasa rabawa ba.

Wajen sha biyun dare
ɗari da ɗaya ta buɗe, tas, ba saura.
Har na ce madalla da ƙarfi.

Abin da ya rage, sha biyar a jere,
ya zauna daram kamar dutsen niƙa.
Ko gagara-raba ce,
wadda ba ta san kowa ba sai ɗaya da kanta?
Ko ƙattai biyu ne suka rungumi juna a ciki
suka yi shiru?
Kafin in sani sai na bi lambobi
har wajen miliyan ashirin,
kamar in ƙwanƙwasa ƙofofi
daga Badagiri zuwa Epe
ina tambaya, kai ne mahaifin wannan?

Biro ya fara shaƙewa.
Sai unguwa ta ɗauki ihu gaba ɗaya,
mita ta buɗe jan idonta.
Na miƙe na danna su, ashirin cif.
Ta haɗiye ba tauna,
ba ta tambayi biyu ba, balle bakwai.
Fanka ta juya.

Takardar kuwa ta mutu, in ji Tasalla,
lamba sau ɗaya take aiki.
Na ninke ta huɗu
na sa a aljihun da nake ajiye goro.
Gobe akwai cunkoso a Ketu,
zan ɗora daga ɗari da uku.